Kumfa a Kan Gilashi

Ruwan sama bai ɗauke ba a Ancud tun Talata.
Jiragen kamun kifi sun kwana ɗaure, suna gogar juna a gaɓa,
ni kuwa na kwana da farantin Eleodoro Barría,
masuncin da ƙugiya ta huda wa tafin hannu,
ya ce ba komai, ya ɗaure da tsumma, ya koma teku.
Yau hannun ya yi suntum, yana zogi a ɗaki na huɗu.

Abin da na shuka jiya daga mugunyarsa ya tsiro,
ɗigo-ɗigo, ruwan zinare, sumul kamar an shafe su da mai.
Na lakato ɗaya a bakin tsinke, na goga kan gilashi,
na ɗiga masa ruwan farokzayid.
Kafin ƙiftawar ido, sai kumfa.

Wannan ruwan na cikin kwalbata
shi fararen ƙwayoyin jininsa ke dafawa.
Su haɗiye baƙo, su kulle shi a ɗaki marar taga,
su ɗauki iskar da muke shaƙa, su wasa ta har ta yi kaifi,
su watsa masa.
Bilic ya biyo baya,
irin wanda Fresia ke wanke daɓen asibiti da shi da asuba.
Tsatsa ce, amma mai gaggawa:
abin da teku ke yi wa anga a shekara goma
ake so a yi wa ƙwayar cuta kafin a gama hamma.

Sai dai wanda ya riga ka barci, dole ya riga ka tashi.
Kakanninta sun san wannan iska
tun tana guba ga duk mai rai,
tun babu huhu, babu jini, babu masunci.
Ta ajiye mai tsaron ƙofa, katalas,
ya cafke gubar ya tsaga ta biyu,
nan ruwa, nan iska.
Kumfar ke nan. Dariya take mini a kan gilashi.

Zinaren ma ba kwalliya ba ne,
riga ce mai shanye tartsatsi.
Ƙarfen cikinta, wanda in ya gamu da guba
gobara za ta tashi daga tsakar gida,
sai ta tattara shi ta kulle,
ta ari manganis ta ci gaba da aiki.
In ta ji ƙaurin wuta a gemun maƙwabciya
ba ta jira, ta shafa wa nata ruwa.
Inda littafin gadonta ya babbake
ta zauna ta yi masa faci, harafi bayan harafi.

Ba na son in yaba mata.
Amma shekara goma sha tara ina ɗiga wannan ruwa,
har yau sai na ɗan tsaya.

A baranda matarsa Nolfa na saƙa hular ulu,
shayinta ya huce a gefen benci.
Ta tare ni: “Jikinsa ba ya faɗa ne?”
Yana yi, na ce. Mugunyar nan gawar mayaƙansa ce.
Ban gaya mata cewa wutar da ya hura don baƙo
tana lasar naman mai gida ba,
rabin kumburin nasa ne.

Ƙarfe uku da kwata na rubuta sakamako,
na kira likita, na faɗi abin da na gani.
Na wanke gilashin, na kife.
Ƙusar tagar ɗakin gwaji ta zubo jan hawaye a bango,
gishiri da iska sun daɗe suna cin ta.
Na tsaya gabanta na ja numfashi mai tsawo,
na sake ja,
don ba ni da wata iskar sai ita.